KIMIYYA A SAUƘAƘE: Maganin da Jiki Ke Haɗa wa Kansa Idan An Ji Ciwo

Ba a rasa mai rauni a unguwa. A Dawaki cikin garin Gombe, kamar dai sauran unguwannin garuruwanmu, da wuya rana ta fito ta faɗi ba a sami yaron da ya fasa yatsa a wurin ƙwallo ba, ko ɗan acaɓa da kwalta ta goge masa gwiwa, ko mahaucin da wuƙarsa ta ɗanɗana shi, ko kuwa uwargidan da garwashi ya taɓa a madafa. Kaɗan ne daga cikinsu ke zuwa asibiti. Sauran sukan wanke wurin, wasu ma ba su wankewa, su ci gaba da harkarsu cikin ƙura da gumi da ƙudaje, bayan mako guda kuwa sai ka tarar ɓawo ya rufe ciwon. Mun saba ganin haka har ba mu tambayar dalili. Alhali kuwa fatar kowannenmu tana ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin cuta, kuma da zarar ta tsage ƙofa ta buɗe musu ke nan. To, me ke tare su a bakin ƙofar? Kuma me ya sa wani dattijo mai ciwon suga, wanda ƙaya kawai ta soka a tafin ƙafa, nasa ciwon kan zama gyambo, har a kai ga likitocin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe su zauna da iyalinsa a yi shawarar yanke ƙafar?

Wani sashe na amsar ya fara bayyana ne daga majinar wani likita ɗan Sikotlan. A ƙarshen shekarar 1921 mura ta kama Alexander Fleming a birnin Landan, sai ya ɗiga majinarsa a kan farantin da yake renon ƙwayoyin cuta, ya ga waɗanda ke kewaye da ɗigon sun narke. A cikin 1922 ya bayyana wa duniya sinadarin da ke yin wannan aiki, ya sa masa suna laisozayim, aka kuma same shi a cikin hawaye da yawu da nonon uwa da farin ƙwai. Amma a 1928 shi wannan Fleming ya gano fenisilin, wanda ƙarfinsa ya ninka na laisozayim nesa ba kusa ba, saboda haka hankalin masana ya koma ga maganin da ake samu daga waje, aka yi shekaru hamsin ba a cika waiwayar wanda jiki ke haɗawa ba.

Waɗanda suka sake tono maganar ba daga jikin mutum suka fara ba. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Hans Boman, ya yi ta mamakin yadda ƙwari ke tsira daga cuta, tun da yake ba su da irin garkuwar da ke tuna cutar da ta taɓa kama su, watau irin wadda allurar rigakafi ke horarwa a jikinmu. A 1981 shi da abokan aikinsa suka fitar da wasu gajerun sinadarai masu kashe ƙwayoyin cuta daga jinin wani babban malam-buɗe-littafi na dare. A 1985 kuma Robert Lehrer da mutanensa a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka sami 'yan'uwan waɗannan sinadarai a cikin fararen ƙwayoyin jinin mutum, suka kira su difensin, watau masu tsaro. Labarin da ya fi daɗin ji shi ne na Michael Zasloff. Shi aikinsa tsaga cikin wani irin kwaɗon ruwa ne na Afirka, yana ɗibar ƙwansa domin wani bincike dabam, sa'an nan ya ɗinke shi ya mayar cikin kwatarnin ruwa mai dauɗa. Ya daɗe yana haka kafin ya tsaya ya tambayi kansa me ya sa ɗinkin ba ya ruɓewa. Da ya bincika fatar kwaɗon sai ya sami sinadarin da ya sa wa suna magainin a 1987, daga kalmar Yahudanci mai nufin garkuwa. Dangin wannan kwaɗo suna nan a kududdufanmu na Afirka ta Yamma, yara na jifansu da damina.

Su waɗannan sinadarai masana na kiransu feftayid, watau gajeren furotin. Furotin kamar carbi yake, an jera shi da ƙananan duwatsu da ake kira amino asid. Wani furotin yana da duwatsu ɗaruruwa, su kuwa waɗannan yawancinsu daga goma sha biyu ne zuwa hamsin. Yadda suke kisa abin sha'awa ne. Mai karatu ya san batir yana da kai biyu, ya kuma san maganaɗisu yana jan kishiyarsa. To, bangon da ke lulluɓe da ƙwayar bakteriya yana ɗauke da caji iri ɗaya, su kuwa feftayid suna ɗauke da kishiyarsa, saboda haka da sun haɗu sai su manne, su kutsa cikin bangon su huda shi, abin da ke cikin ƙwayar ya tsiyaye kamar tulun da aka fasa wa gindi. Cikin 'yan mintoci an gama. Bangon ƙwayoyin jikinmu kuwa ba shi da irin wannan caji a bayansa, ga shi kuma da wani kitse da ke ƙarfafa shi, don haka galibi sukan wuce shi ba su taɓa ba.

Umarnin haɗa su yana rubuce a cikin ƙwayoyin gado, waɗanda kowa ke karɓa rabi daga uwa rabi daga uba, an ɗaure su cikin dami ashirin da uku, kowane dami biyu-biyu. A dami na 3 akwai ƙwayar gadon da ake kira CAMP, ita ce ke haɗa feftayid ɗin da ya fi kowanne suna a jikin mutum, watau LL-37, mai duwatsu 37, wanda masanan Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka bayyana a 1995. A dami na 8 kuwa ƙwayoyin gadon difensin suke zaune a jere kamar gidajen 'yan'uwa. Wasunsu kullum a bakin aiki suke, dare da rana. Misali a 2001 masanan birnin Tubingen na Jamus suka gano cewa gumin mutum yana fitowa da nasa feftayid, mai suna damsidin, ko an ji ciwo ko ba a ji ba. Ashe gumin nan da ke damunmu a watan Afrilu, sa'ad da Gombe ke tafasa, shafa mana magani yake yi. Hanji ma yana da nasa, huhu da mafitsara suna da nasu.

Wasu kuwa barci suke yi sai an tashe su, kuma nan ne maganar rauni ta shigo. Lafiyayyar fata ba ta haɗa LL-37 da yawa. Amma a 2001 Richard Gallo da abokan aikinsa a birnin San Diyego suka nuna cewa da an yanki fata, ƙwayoyin da ke gefen yankan kan buɗe wannan umarni su fara haɗa shi, fararen ƙwayoyin jini kuma su iso da nasu da suka adana. A wannan shekarar dai suka gwada ɓerayen da aka cire wa takwarar wannan ƙwayar gado, aka sa musu bakteriyar da ke cin fata. Ciwonsu ya fi na sauran ɓeraye girma, ya kuma fi daɗewa. Wannan gwaji ne ya rufe bakin masu cewa ai a cikin kwalbar bincike kaɗai waɗannan sinadarai ke aiki.

Daga baya aka gane kisa ɗaya ne kawai daga cikin ayyukansu, wasu masana ma na ganin ba shi ne babba ba. LL-37 yana aika kira ga fararen ƙwayoyin jini su taho wurin ciwon. Yana zuga jiki ya shimfiɗa sababbin ƙananan jijiyoyin jini, waɗanda su ne jan naman nan da muke gani a ƙasan miki mai warkewa. Yana kuma sa ƙwayoyin fata su rarrafo daga gefe su rufe ramin. A 2003 masanan Karolinska suka kwatanta sabon rauni da tsohon gyambon da ya ƙi warkewa, suka ga sabon cike yake da LL-37, gefen gyambon kuwa kusan babu. Da suka toshe aikinsa a fatar da suke reno a ɗakin bincike, sai rufewar ciwon ta tsaya. Mai ciwon suga kuwa nasa ya haɗu da wasu matsaloli: jini ba ya isa ƙafa sosai, jijiyoyin da ke sanar da zafi sun mutu, har yakan yi kwanaki yana taka ciwon bai sani ba, ga fararen ƙwayoyin jininsa sun yi sanyi saboda yawan suga.

Kowa ya lura ciwon cikin baki ya fi na fata saurin warkewa, kuma da wuya ya bar tabo. A 2008 masanan birnin Amsadam na ƙasar Holan suka nuna cewa wani feftayid na cikin yawun mutum, mai suna histatin, yana gaggauta rufewar rauni. Watau yaron da ke sa yatsa a baki idan ya yanke ba shirme yake yi ba gaba ɗaya. Amma kada wani ya ɗauki wannan ya zama hujjar tofa wa babban ciwo yawu, domin baki yana da nasa miyagun ƙwayoyin cuta, shi ya sa ma cizon mutum ke da wuyar magani. Barin kare ya lashi miki kuwa, a ƙasar da ciwon haukan kare bai ƙare ba, wannan ganganci ne.

Wani abin mamaki kuma shi ne ba daidai muka gaji waɗannan ƙwayoyin gado ba. Yawancin ƙwayoyin gado biyu-biyu suke a jikin kowa. Amma wani rukuni na difensin da ke dami na 8 ya saɓa: wani mutum yana da kofe biyu, wani bakwai, wani har goma sha biyu, mafi yawan mutane kuwa huɗu. Mai karatu zai ce to mai goma sha biyu ya more. Ba lalle ba ne. A 2008 wani bincike da aka yi a kan mutanen Holan da Jamus ya nuna masu kofe da yawa sun fi kamuwa da wata cutar fata da ake kira soriyasis, wadda fata ke yin kauri tana ɓarewa kamar ɓawon kifi, domin garkuwar jiki ta juya tana yaƙi da fatar mai ita. Tun a 2002 an riga an lura cewa masu wannan cuta, duk da fatarsu a tsattsage take, ba su cika samun ruɓewar ciwo ba saboda yawan feftayid, alhali masu wata irin ƙyasbi mai ƙaiƙayi, waɗanda nasu ya yi ƙaranci, kullum cikin ƙuraje masu mugunya suke. Akwai kuma wata cutar gado da aka fara ganowa a arewacin Suwidin, wadda masu ita ba su da LL-37 a yawunsu, tun suna yara dasashinsu ke lalacewa.

Yanzu bari mu zo inda 'yan kasuwa suka shigo. A 2004 da 2005 aka gano cewa mabuɗin ƙwayar gadon CAMP yana hannun bitamin D, wanda fata ke haɗawa idan rana ta taɓa ta. A 2006 kuma Robert Modlin da abokan aikinsa suka nuna cewa fararen ƙwayoyin jini na amfani da wannan bitamin su haɗa LL-37 su kashe ƙwayar tarin fuka. Wannan ya tuna wa masana cewa tun a 1903 aka ba Niels Finsen na ƙasar Denmak lambar Nobel saboda warkar da tarin fuka na fata da haske, kuma kafin a sami magani Turawa kan kai masu tarin fuka kan duwatsu su sha rana. Nan da nan aka fara tallar bitamin D a matsayin mai ƙarfafa garkuwa, har yau kuma ana yi, a kantunan magani da cikin motocin haya. To, an gwada. A ƙasar Gini Bisau an ƙara wa masu tarin fuka bitamin D a kan maganinsu, sakamakon da aka buga a 2009 bai nuna wani amfani ba. A ƙasar Mongoliya, inda sanyi ke hana yara ganin rana, an ba 'yan makaranta 8,851 ko dai bitamin ko ƙwayar banza har shekara uku, a 2020 aka bayyana cewa kamuwarsu da ƙwayar tarin fuka ba ta bambanta ba. Mu kuwa da rana ta yi mana yawa, binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna yaranmu masu gwamewar ƙafa galibi sinadarin kalsiyam suka rasa a abinci. A ganina, mai tarin da ya wuce mako biyu, maimakon ya ba mai talla kuɗinsa, ya tafi a gwada majinarsa, tun da gwajin da maganin duka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Akwai wani feftayid da ya kamata iyaye mata su san labarinsa. Sunansa hefsidin, hanta ke haɗa shi, an gano shi a 2000 da 2001 a cikin jini da fitsarin mutum. Da farko an ɗauka shi ma mai kisa ne kurum, sai aka ga babban aikinsa shi ne tsare sinadarin ƙarfe. Ƙwayoyin cuta suna bukatar ƙarfe kamar yadda mu ma muke bukata, saboda haka idan cuta ta shiga jiki sai hefsidin ya ƙaru, ya rufe ƙofar da ƙarfe ke shigowa daga hanji, ya kulle wanda ke cikin jiki a rumbu, don a bar abokin gaba da yunwa. Wannan dabara tana da tsada, domin yaron da zazzabin cizon sauro ke kamawa a kai a kai kullum ƙofar a rufe take, jininsa ya yi ta raguwa. Idan kuma aka ɗura masa maganin ƙarin jini ba a kula da zazzabin ba, ana iya ciyar da cutar. An ga haka a tsibirin Pemba na ƙasar Tanzaniya, inda aka dakatar da ba yara ƙwayar ƙarfe a tsakiyar wani babban gwaji, domin waɗanda ke sha sun fi kwanciya asibiti ko mutuwa, aka buga sakamakon a 2006. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashen sauro a haɗa ba da ƙarfe da rigakafin zazzabin da maganinsa. Uwar da ta ga tafin hannun ɗanta ya yi fari, ta fara kai shi a gwada jininsa kafin ta sayi kwalbar tonik.

To, me ya hana a zuba waɗannan sinadarai a kwalba a sayar? An yi ƙoƙari. Daga magainin na kwaɗon Zasloff aka haɗa wani man shafawa domin gyambon ƙafar masu ciwon suga, amma hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da shi a 1999, da aka sake gwada shi a 2016 kuma bai nuna fifikon da ake nema ba. Haɗa su yana da tsada, jiki yana narkar da su da sauri, idan kuma aka yawaita su sukan taɓa ƙwayoyin jikin mutum. Akwai ma wani tsoro da wasu masana ke bayyanawa, cewa idan aka watsa irinsu a kasuwa aka yi wasa da su yadda muka yi da fenisilin, bakteriya na iya koyon kauce musu, daga nan ta kauce wa na jikinmu. Tsoron yana da tushe. Kolistin, wanda likitoci ke ajiyewa sai sauran magunguna sun gaza, shi ma feftayid ne mai huda bango, amma saboda an yi ta zuba shi cikin abincin aladu da kaji, a 2015 aka gano a ƙasar Sin wata ƙwayar gado da bakteriya ke miƙa wa junansu mai kare su daga gare shi, yanzu kuwa an same ta a ƙasashe da yawa. Ƙididdigar da aka buga a 2022 ta nuna cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ta Yamma ce ta fi kowa asara. Kowane kafso ja da rawaya da aka buɗe aka barbaɗa wa miki, aka sha biyu aka watsar da sauran, yana da hannu a wannan lissafi.

Abin da ya rage mana a yanzu shi ne kada mu ɓata wa jiki aikinsa. Su ƙwayoyin fatar da ke haɗa feftayid a gefen ciwo rayayyu ne, duk abin da zai ƙone bakteriya da ƙarfin tsiya yana ƙone su. Baƙin mai da man birki da ruwan batir da toka da man goge baki, waɗanda har yanzu ake shafa wa yanka da ƙuna a garejoji da gidaje, ɓarna suke yi. Ruwa mai tsabta da sabulu, a wanke har ƙasa da tsakuwa su fita, a rufe da ƙyalle mai tsabta, sun fi su duka. Tun a 1962 wani masani ɗan Ingila, George Winter, ya nuna cewa ciwon da aka rufe ya riƙe danshinsa ya fi wanda aka bar wa iska saurin yin sabuwar fata, saɓanin abin da muka taso muna ji. Zuma kuwa, wadda kakanninmu suka daɗe suna ɗora wa ƙuna, kimiyya ta ba ta gaskiya: a 2010 aka gano cewa ban da sauran sinadaranta tana ɗauke da difensin na ƙudan zuma. Sai dai zumar gaske ake nufi, ba narkakken sukarin da ake sayarwa a bakin tasha ba. Cibiyar jariri a shafa mata man kulohekzidin da ake bayarwa a asibiti, wanda jihar Sakkwato ta fara rabawa a 2013, a raba ta da kashin shanu da garwashi. Masu shafa man bilicin su sani yawancinsa yana ɗauke da sinadarin da ke danne garkuwar fata ya kuma sirantar da ita, likitocin tiyata sun san wahalar ɗinke irin wannan fata. Ciwon da ya yi zurfi, ko na ƙusa mai tsatsa, ko wanda ya fara zafi da kumburi da mugunya, da kowane irin ciwo a ƙafar mai ciwon suga komai ƙanƙantarsa, wannan na asibiti ne a ranar, a kuma tambayi allurar sandarewar jiki.

Mai karatu zai lura duk sunayen da na ambata na Turai ne da Amurka, kuma jinin da aka auna na mutanensu ne. Wani nazari na 2019 ya nuna cewa a cikin mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu, kashi 78 cikin ɗari Turawa ne, masu asalin Afirka kuwa kashi 2 kacal, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado. Ba na ganin dalilin da zai sa Gombe ta tsaya kallo. Muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya, muna da Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004 mai kwalejin koyon likitanci, muna kuma da asibitin masu saran maciji a Kaltungo, inda manoma da makiyaya ke zuwa da miyagun raunuka kowace damina. Kuma an taɓa yi. A Kaltungon nan ne likitocinmu tare da na Makarantar Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful suka gwada magungunan dafin kububuwa na EchiTAb a kan mutum 400, aka buga sakamakon a 2010, duniya ta karanta. Ƙirga kofen difensin na 'yan ɗaruruwan masu gyambo da masu saran maciji, a kwatanta da saurin warkewarsu, aiki ne da bai fi ƙarfin irin injin da ake gwajin tarin fuka da cutar korona da shi ba, kuma irin wannan inji yana nan a Gombe.